Watannin da Na Goge

Masu karatu, yau kam kada ku wahalar da yatsunku wajen yi min faɗa a ƙasan rubutu, na riga ku yi wa kaina. Ni na yi abin, da hannuna na yi shi, kuma a lokacin da nake yi ɗin har wani sanyi na ji a raina. Ku dai bari in kai ƙarshe, sannan mai zagi ya zaga.

Wanda yau ya fara cin karo da ni, ga ni a taƙaice. Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da takwas. Ina aiki a ofishin da ke lura da wata madatsar ruwa, wato dam, kuma rabona a aikin shi ne lambobin ruwan sama. Ma'aunai goma sha ɗaya ke turo min abin da suka tara, in tsince na ƙarya, in jera na gaskiya, in mai da su zane a kwamfuta. Teburin da ke kallon nawa na Injiniya ne. Wata goma sha huɗu ke nan muna tare da shi. Ba ni ke ƙirgawa ba, akwai masu yi min.

"Sha huɗu," in ji Gwaggo da safiyar Talata, tana zaune a gefen gadona tana ɗiga maganin ido. Ƙanwar Baba ce, ganin likita na kwana biyu ya kawo ta, yau satinta uku. "Da haihuwa ake jira, da yanzu yaro ya fara koyon zama."

"Gwaggo, ai na faɗa muku Asabar zai zo ya ga Baba."

"Haka kika ce wancan watan," Umma ta amso daga falo. Ita ba ta ɗakin, amma kunnenta bai taɓa barinsa ba.

"Wancan watan dam ce ta cika, ko kansa bai samu ba."

"To dam ɗin ta aure shi mana." Gwaggo ta matse idon da bakin mayafi. "Ni dai na gaya miki, mai kantin da nake sayen maganin nan kullum sai ya tambaye ki. Mutum da kantinsa da hankalinsa, ba ruwansa da ta cika ko ta ƙafe."

Baba dai ya riga ya yanke magana tun Lahadi, da muryar nan tasa da ba ta tashi. In Asabar ta wuce bai ga kowa ba, kada a sake kawo masa zancen Injiniya a gidan nan. Umma kuwa har ta sauke labulen falo, ta kai wa tela sabon yadi.

Wayata ta yi ƙara a ƙarƙashin matashi. Shi ne. "Na haɗa zanen. Ki duba kafin taro." Na ja saƙon sama, na ja shi ƙasa, ko akwai saura. Babu. Mutumin da ya raɗa min suna Damina saboda aikina, wanda ko biro zai ara sai ya kira sunan, yau ya turo min saƙo busasshe irin na kamfanin waya.

Riga uku na canja. Ruwan tokar ta mai da ni kamar mai zuwa dubiya, koriyar ta matse ni a hammata. Na ƙare a shuɗiyar nan mai ɗigo-ɗigon fari, wadda ya taɓa cewa kamar yayyafi ne ya sauka a kanta. Na sa dogon takalmin da ke cin ƙaramin yatsana, na fesa turare sau huɗu maimakon biyu. Gwaggo ta yi atishawa, ta ce ofis za ni ko yaƙi.

Yaƙi za ni, don akwai Mai Turare.

Sati goma sha ɗaya da suka wuce aka kawo ta gwajin wata uku, kuma Juma'ar nan Darakta za ta faɗa mata ko ta zauna ko ta kama gabanta. Ita ke riƙe da lambobin tsayin ruwan dam, shi ya sa aka ajiye mata kujera a gefen Injiniya. Ƙamshinta yana riga ta shigowa, yana kuma bin bayanta in ta fita. 'Yar siririya ce, mayafinta ba ya zamewa, jakarta da takalminta ba sa saɓa launi. Tana ce min Yaya, har da ɗan rusunawa. Tunda ta zo ba ta taɓa yi min komai ba, kuma wallahi wannan ne ya fi ci min rai, don da ta yi da na samu abin riƙewa.

Da na isa ofis na same su kai a haɗe a gaban kwamfutarsa. Ban yi sallama da ƙarfi ba, na zagaya ta bayansu na tsaya.

Zanen hawa biyu ne, kamar bene. Nawa a sama, sanduna shuɗaye, kowace sanda ruwan wata guda. Nata a ƙasa, jan layi mai nuna yadda ruwan dam ya hau ya sauka. Ya ɗaure su a kan layin watanni guda, yadda in ka ɗora yatsa a sandar Yuli ka gangaro, za ka faɗa daidai kan Yulin dam. To ita manhajar da muke zane da ita, in aka ɗaure hawa biyu haka, ba ta maimaita sunayen watanni. Sau ɗaya take rubuta su, a gindin hawan ƙasa. Ga su nan kuwa, daga Oktobar bara zuwa Satumbar bana, don shekarar aikinmu daga Oktoba take farawa, duk sun jeru ƙarƙashin jan layinta, an ɗan kishingiɗar da su gwanin sha'awa. Ƙarƙashin nawa kuwa 'yan guntayen tsinke ne tsirara, kamar haƙoran mataji.

Na san dalili, kada wani ya zo yana koya min a sharhi. Ni ma haka nake yi in hawa biyun duk nawa ne. Amma sani daban, gani da ido daban.

"Ina watannina?" na ce.

Injiniya ya waiwayo, ya tura gilashinsa sama da yatsa. "Ga su nan a ƙasa. Naku ne ku biyu."

"A ƙarƙashin nata dai."

"Layi ɗaya ne ai. In aka rubuta sau biyu cunkoso ne kawai."

"To a mai da nawa ƙasa mana."

"Ruwa daga sama yake zuwa," ya ce, yana murmushi. "Ko ba haka ba, 'Yar Dam?"

Ta rufe baki da hannu tana dariya.

'Yar Dam. Ku ji fa. Ni ina can ina jan saƙo sama da ƙasa ina neman sunana, ashe an buɗe sabon shagon raɗin suna a nan. Bai ko kalli rigar yayyafin ba.

"Yaya, ai ana iya kunna miki naki ma," in ji Mai Turare, da muryarta mai laushi. "Injiniya, a kunna mata mana, ba komai."

A kunna mata. Sai ka ce yarinya ta yi kukan alewa an ce a sam mata.

"Ki bar shi," na ce. "Ban ce ina so ba." Na koma teburina, takalmin yana cin yatsana, ni kuma ina cin kaina.

Ƙarfe biyu ne taron. Da ɗaya ta yi suka tashi za su haɗa majigi a ɗakin taro. Shi ya ɗauki majigin, ita ta naɗe wayoyin a hannu, ya tare mata ƙofa da ƙafa har ta wuce. Ta gilashin da ya raba ɗakunan na hango ta faɗi wani abu, ya cire gilashinsa yana gogewa da gefen riga. Masu karatu, na san wannan gogewar. Ba ya yin ta sai dariya ta kawo masa hawaye, kuma da ina zaton ni kaɗai ke iya sa shi.

Fayil ɗin da ke haifar da zanen yana ma'ajiyar ofis, mu uku duk muna iya shiga. Na buɗe. Layi biyu na ƙara. Na farko, na ce a kunna sunayen watanni a hawan sama. Da a nan na tsaya da yanzu ba ni da labarin ba ku, don abin da ita ma ta ce a yi ke nan. Amma kishi ba ya ƙoshi da rabonsa sai ya ga kwanon wani babu komai. Na sauko hawan ƙasa, na miƙa masa jerin sunaye wanda babu ko harafi a ciki, baka biyu kawai suna kallon juna. A lissafina watanni za su hau sama su dawo gidana, nata jan layin ya tsaya tsirara, duk mai son sanin wata sai ya ɗaga ido ya kalli sandunana.

Ban gwada na gani ba. Na ji takun Darakta a baranda, na adana, na rufe, na jawo kofin shayina da ya huce na riƙe kamar mutuniyar kirki. Na kuma san halin Injiniya. Biyu saura kwata awon tsakar rana yake isowa daga dam, zai sake fitar da zanen da sabuwar lamba, kuma ba ya duba abin da ya riga ya duba da safe.

Ɗakin taron ya cika. Darakta a kan tebur da wayoyinta biyu da ɗan littafinta, mace ce da ba ta maimaita tambaya. Ga dattawa uku daga ƙungiyar manoman da ke ƙasan dam, sun zo jin yaushe za a fara sakar musu ruwa. Mai Turare aka ba bayani, don yana cikin gwajinta. Ta miƙe, ta gyara mayafin da bai zame ba, aka kashe fitila, zanen ya hau bango.

Nawa na fara kallo. Babu komai a ƙarƙashinsa. Na kalli nata, nan ma babu. Hawa biyu, tsinkaye goma sha biyu a gindin kowanne, ko wata ɗaya bai tsira ba.

A daidai lokacin na tuna. Wata goma sha huɗu da suka wuce, a satina na farko da wannan manhajar, irin wannan kuskuren na yi a wani zane nawa, na zauna ina ta tsaki. Wani mai gilashi ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Tunda kin ɗaure su, takardar sunayensu guda ce. In kin yage ta a hannun ɗaya, kin yage ta a hannun kowa. In ba kya son su fito a wani hawa, ɓoye su ake yi a hawan, ba gogewa ba." A ranar ya fara ce min Damina. Darasin da aka fara sona a kansa, shi kishi ya share min tas. Kaza garin tone-tone ta tono wuƙar yanka ta.

"'Yata," in ji babban cikin manoman, wani dattijo mai farin gemu, yana nuni da sandarsa. "Can da jan layin ya yi ƙasa sosai, wane wata ne?"

Ta juya ta ga bangon. Ta ɗora yatsa a tsinken farko ta fara ƙirga a hankali, kuma tsabar ruɗewa ta manta daga Oktoba muke farawa. "Janairu, Fabrairu..." har ta kai na takwas. "Agusta ne, Baba."

"Agusta?" Dattijon ya dubi 'yan'uwansa. "A Agusta dam ta ƙafe? Ni kuwa a Agusta ruwa har gindin rumbuna ya zo gaishe ni."

Aka yi dariya, ban da Darakta. Mayu ne, ni na sani, yana kan harshena, amma na kasa buɗe baki. Abin da nake jira in ji daɗinsa ke nan, ga shi ya zo, amma ban ji daɗin komai ba.

Injiniya ya jawo kwamfutar gabansa. Idonsa ya bi layukan da sauri, sai ya tsaya cak. Ya daɗe a wajen fiye da yadda karanta layi biyu ke buƙata. Ya danna, ya sake fitar da zanen. Watanni suka dawo, amma yanzu sau biyu, jere ƙarƙashin nata, jere ƙarƙashin nawa. Ya kalli hawan sama a bango. Ni bai kalle ni ba, kuma da ya harare ni da ya fi min sauƙi.

"Me ya faru?" in ji Darakta.

"Wani layi ne ya shiga hawan ƙasa, ranki ya daɗe. Laifina ne, ban duba ba kafin in haska."

"Hawan ƙasa na waye?"

"Nawa ne," in ji Mai Turare. "Da safe na taɓa sunayen watannin, ina kishingiɗar da su don kada su hau kan juna. Ƙila a nan na ɓata."

Darakta ta buɗe ɗan littafinta, ta rubuta abin da bai wuce kalma huɗu ba, ta rufe. "Juma'a za mu yi magana. Ci gaba."

Bayan an sallami manoman na fita baranda, wajen na'urar ruwan sha, na tsaya ina cika kofin da ba ni da niyyar sha. Injiniya ya biyo ni.

"Damina," ya ce. Duk yinin nan sai yanzu, kuma da ma bai faɗa ba. "Layi biyu ne. Na goge ɗaya, na bar miki ɗaya. Kin samu watanninki."

"Wa ya ce ni ce?"

"Fayil yana ajiye sunan duk wanda ya taɓa shi, da lokacin. Ɗaya da minti goma sha biyu. Amma ni ban buƙaci dubawa ba. Duk ofishin nan mutum ɗaya ce ta taɓa yin wannan kuskuren."

Wata mai hankali da a nan za ta sunkuyar da kai. Ni kuwa ga abin da ya fito daga bakina.

"Da ka ce laifinka ne, ni ka rufa wa asiri ko ita ka kare?"

Ya cire gilashin. Wannan karon ba dariya ce ta sa shi ba. "Abin da ya dame ki ke nan?"

"'Yar Dam. Tun yaushe?"

"Direba ne ya raɗa mata ranar da ta fara zuwa awo. Har mai gadi haka yake kiranta. Ke kaɗai ce ba ki taɓa ji ba, don ba kya tsayawa inda take."

"Ni dai a bakinka na ji."

Ya yi ajiyar zuciya, ya mai da gilashin. "Ina son in zo ranar Asabar. Har rigar da zan sa na kai guga. Amma ba zan zauna gaban Baba in ce masa na san halinki na yarda da shi, alhali baiwar Allah ta rasa aiki a kan abin da ba ta yi ba. Ni ba zan kai ƙararki ba. Ke za ki shiga wajen Darakta da ƙafarki, kafin Juma'a."

"In ta zauna, a gefenka za ta ci gaba da zama."

"E, a gefena. Aikinta ke nan." Ya karɓe kofin daga hannuna, don ruwa ya cika yana zuba a kan takalmina ban ma sani ba. Ya ajiye shi ya koma ciki.

Duk hanyar gida abin nake juyawa. In na yi shiru, Juma'a ta tafi da turarenta, Asabar kuma babu mai ƙwanƙwasa mana ƙofa. In na yi magana, ni da bakina zan kafa mata kujera a gefensa, ta zama wadda aka zalunta ta yi haƙuri, ni in zama muguwar da ta zo neman gafara, kuma ɗan littafin Darakta yana da sauran shafi. Ina jin kunyar abin da na yi, ba na musu. Amma ku bari in faɗa muku gaskiya tunda na saba, ko yanzu in na tuna yadda ya ce "baiwar Allah" a hankali ɗin nan, sai in ji kishin ya sake taso min.

Na shiga gida rana ba ta faɗi ba. Umma na tsaye a kan kujera, tela ya kawo labule, ruwan zuma mai ratsin zinari. Gwaggo na zaune da ido ɗaya a rufe tana ba da umarni.

"Hagu ya fi dama tsawo. Ke Auta, zo ki gani, ya yi ko bai yi ba? Kada baƙo ya zo ya ce gidan ba mata."

"Ya yi," na ce, na wuce ɗaki. Na cire takalmin, yatsan ya yi ja ya kumbura. Wayata ta yi ƙara a jaka, na yi saurin zaro ta, zatona shi ne. Ita ce.

"Yaya, don Allah ki yi haƙuri na dame ki. Tun ɗazu nake neman inda na yi kuskuren nan, ban gani ba. An ce fayil yana nuna wanda ya taɓa shi da lokacin, amma ban iya buɗe wajen ba, kuma kunyar tambayar Injiniya nake ji bayan ya ɗauki laifina a gaban mutane. Gobe da safe in jawo kujera kusa da ke ki nuna min?"

"Auta!" Umma ta ƙwala daga falo. "Zo ki riƙe min gefen nan kafin in faɗo, Asabar fa kwana huɗu ce!"

Na so in kife wayar in ce ban gani ba. Na duba ƙasan saƙon, na tuna ban taɓa kashe abin nan mai nuna an buɗe saƙo ba. A wayarta alamar ta riga ta nuna na karanta.